Rashin Barci Ga Tsofaffin Birni: Laifin Shekaru Ko Laifin Gari?

Rashin barci na daga cikin koke-koken da likitoci suka fi ji daga bakin dattawa, maza da mata. Wani zai ce yana kwanciya tun bayan isha amma idonsa biyu har tsakar dare; wani kuma barcin yana ɗaukarsa nan da nan, sai dai ƙarfe biyu na yi ya farka, ya yi ta juyi a kan shimfiɗa har asuba. Abin da iyali suka saba faɗi shi ne "ai tsufa ne," daga nan a rufe zancen. Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma rabin gaskiyar ce kawai, kuma rabin da aka bari shi ne wanda ake iya yin wani abu a kansa. Saboda haka ya kamata ɗalibin ilmin halittu ya iya bambance abin da shekaru ke yi wa barci da abin da cuta da zaman birni ke yi masa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A 1995 aka buga sakamakon wani bincike da aka gudanar a Amurka a kan mutum fiye da 9,000 masu shekara 65 zuwa sama, inda fiye da rabinsu suka ce suna fama da wata matsalar barci a mafi yawan lokuta. A nan Nijeriya kuwa, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun zanta da tsofaffi 2,152 a jihohin da ake jin Yarbanci, kuma a rahoton da suka fitar a 2009 kimanin kashi 30 cikin ɗari ne suka yi kukan rashin barci.

Ba kowane daren da ido ya bushe ne likitoci ke kira cuta ba. Sai an haɗa sharuɗɗa: mutum ya kasa samun barci, ko ya riƙa farkawa, ko ya tashi da wuri ƙwarai ya kasa komawa, aƙalla dare uku a mako, har tsawon wata uku, alhali yana da lokaci da wurin kwanciya, sannan abin ya riƙa taɓa rayuwarsa da rana. Sharaɗin ƙarshen nan yana da muhimmanci. Dattijon da ke barcin awa shida ya tashi garau, ya wuni cikin kuzari, ba shi da ciwon komai.

Yadda jiki ke shirya barci

Hausawa na cewa barci ƙanin mutuwa ne, amma ƙwaƙwalwar mai barci tana nan tana aiki tuƙuru. An fara gane haka ne bayan da wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya bayyana a 1929 cewa ana iya auna 'yar wutar lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa ta hanyar manna wayoyi a fatar kai. A 1953 kuma Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano cewa akwai wani mataki na barci da idanu ke yawo da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda a cikinsa ne aka fi yin mafarki. A yau an san cewa barci hawa-hawa ne: akwai marar nauyi, akwai mai nauyi wanda da ƙyar ake tada mai yinsa, sannan akwai na mafarki. Ana zagaya waɗannan matakai cikin kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare guda.

To, me ke sa barci ya zo a lokacin da yake zuwa? A 1982 Alexander Borbély na Jami'ar Zurik ya yi bayanin da har yanzu ake koyarwa, cewa abubuwa biyu ne ke aiki tare. Na farko ana iya kiransa yunwar barci. Tun daga lokacin da mutum ya farka wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma gwargwadon taruwarsa gwargwadon nauyin da ido ke yi. Barci ne ke rage shi, kamar yadda tuwo ke kashe yunwa. Na biyu shi ne agogon jiki. Wannan agogo wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 a gindin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, kuma a 1972 aka tabbatar da aikinsa ta hanyar gwaji a kan ɓeraye. Shi ne ke ba da umurni idan duhu ya yi a saki sinadarin melatonin cikin jini, a kuma rage zafin jiki kaɗan, alamu biyu da ke sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi.

Wani abin sha'awa shi ne agogon nan bai cika daidai ba. Charles Czeisler da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun nuna a 1999 cewa idan aka raba mutum da duk wata alamar lokaci, kwanansa na ciki yakan kai kimanin awa 24 da minti 11. Ke nan dole ne a riƙa saita shi kullum, kamar tsohon agogon bango mai latti, kuma babban mai saita shi shi ne hasken rana da ke shiga ido. Mai karatu ya riƙe wannan batu da kyau, domin a kansa ne rabin matsalar birni ta rataya.

Abin da shekaru ke yi

Tsufa yana taɓa dukkan abubuwan nan biyu. Barci mai nauyi shi ne ke fara raguwa, kuma tun da wuri. Eve Van Cauter ta Jami'ar Shikago ta auna barcin maza 149, ta kuma bayyana a 2000 cewa barci mai nauyi ya kai kusan kashi 19 cikin ɗari na daren samari masu shekara 16 zuwa 25, amma a wajen masu shekara 36 zuwa 50 bai kai kashi 4 ba. Idan mai nauyi ya ragu, marar nauyi ne ke cike gurbinsa, shi ya sa kukan akuya ko ƙarar ƙyaure da ba za su motsa jika ba sai su tada kakansa.

Agogon jiki kuma yakan matso gaba. Tsoho yakan fara gyangyaɗi tun magariba, ya kuma farka tun kafin zakara ya yi cara. Wanda ya kwanta ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe uku ya sami awa bakwai cif, ko da kuwa yana ganin dare ya yi masa tsawo. Abin da masana ke ba masu shekara 65 zuwa sama shawara shi ne awa bakwai zuwa takwas. Har ila yau, ido da kansa yana tsufa. Ƙofar da haske ke bi tana ƙanƙancewa, madubin cikin ido yana yin rawaya-rawaya yana tare haske mai launin shuɗi, wanda shi ne ya fi saita agogo. An ƙiyasta cewa hasken da ke isa can cikin idon mai shekara 60 bai wuce sulusin wanda ke isa na mai shekara 20 ba. Idan yanar ido ta ƙaru a kai, abin ya ƙara muni.

Duk waɗannan sauye-sauye ne na ɗabi'a. Suna sa barci ya zama mai saurin tsinkewa, amma su kaɗai ba safai suke kai mutum ga ciwon rashin barci ba. Masu binciken nan na Amurka sun ci gaba da bibiyar tsofaffinsu har shekara uku, suka bayyana a 1999 cewa cikin waɗanda rashin barci ya kama a wannan tsakanin, kashi 7 cikin ɗari ne kawai ba a same su da wata cuta, ko naƙasa, ko damuwa, ko wani dalili makamancin haka ba. Watau a mafi yawan lokuta akwai wani abu a ɓoye a bayan kalmar "tsufa".

Babba daga cikin ɓoyayyun nan shi ne fitsarin dare. Ga maza, sau da yawa kumburin furostet ne, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara wanda in ya girma yakan matse hanyar fitsari ya hana mafitsara zubar da komai. Ciwon sukari ma yana kawo shi, haka nan wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari idan aka sha su da yamma. Sai ciwon gaɓɓai da na baya, da tari, da ƙwannafi. Akwai kuma masu minshari mai tsanani wanda numfashi ke ɗaukewa a cikinsa na daƙiƙa goma ko fiye, sau da dama a awa guda. Mai wannan larura ba ya sanin yana farkawa, matarsa ce ke sani, kuma larurar tana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Ciwon damuwa kuwa, wanda kan biyo bayan rasuwar abokin zama ko barin aiki, yana daga cikin alamunsa mutum ya farka da tsakar dare zuciyarsa a cunkushe.

Goro ya cancanci a tsaya a kansa. Yana ɗauke da sinadarin kafeyin, kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, irin wanda ke cikin kofi da shayi. Aikin kafeyin shi ne toshe wuraren da adinosin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, sai ta kasa jin yunwar barcin da ta taru. Jiki yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya kawar da rabin abin da aka ci. Ke nan goron da dattijo ya ɓantara a majalisa ƙarfe biyar na yamma, rabin ƙarfinsa na nan cikin jini ƙarfe goma na dare.

Abin da birni ke ƙarawa

Kada a ɗauka ƙauye ya tsira. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 40,000 masu shekara 50 zuwa sama a ƙasashe takwas na Afirka da Asiya, galibinsu mazauna karkara, ya sami kusan kashi 17 cikin ɗari da matsalar barci mai tsanani. Amma birni yana da nasa kayan da yake ɗora wa barcin da shekaru suka riga suka raunana.

Na farko shi ne juya haske da duhu. Ana auna haske da ma'aunin da ake kira laks. A fili da rana tsaka yakan kai laks 100,000, ko a inuwar bishiya ma yakan kai dubbai, amma a cikin ɗaki da wuya ya haura 300. Manomi ɗan shekara saba'in da ke fita gona da hantsi yana shan haske har ya ishe shi, yana kuma motsa jiki. Takwaransa da 'ya'yansa suka ɗauko suka kawo birni "don ya huta" yakan wuni a falo, labule a sake, talabijin a kunne. Titi ya cika da motoci da babura, abokan hira sun yi nisa, gidan kuma ba zaure. Ga ido da ya riga ya rage shan haske, ga shi kuma an hana shi hasken. A wani gidan kula da tsofaffi a Amurka an taɓa ɗaura wa mazauna na'urar auna haske, aka tarar cewa rabinsu ba sa samun fiye da kimanin minti 10 na haske mai ƙarfi a wuni. Da dare kuma sai lamarin ya juye: ƙwan lantarki, da fitilar tsaro ta maƙwabci da ke leƙowa ta taga, da fuskar waya, duk suna danne melatonin. Agogon da ba ya ganin rana sosai, ba ya kuma ganin dare sosai, dole ya rikice.

Na biyu shi ne hayaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa ƙarar cikin ɗakin kwana kada ta wuce desibel 30, watau kamar raɗa. Ƙaramin janareta mai shan fetur yakan wuce desibel 70 ga wanda ke kusa da shi, kuma a unguwannin da gidaje suka haɗa bango ba sai mutum ya mallaki nasa ba kafin ya kwana da shi. A haɗa da manyan motoci, da lasifikar 'yan biki, da haushin karnuka. Mutane kan ce sun saba. Kunne na iya sabawa, amma gwaje-gwaje sun nuna cewa bugun zuciya yana ƙaruwa idan ƙara ta ratsa ko da mai barci bai farka ba.

Na uku shi ne zafi, kuma a biranen ƙasar Hausa wataƙila shi ne gaba. An ambata a baya cewa sai zafin jiki ya sauka kaɗan barci ke samuwa. Jiki yana yin haka ne ta buɗe hanyoyin jini na fata da kuma gumi, ayyuka biyu da ke yin rauni da tsufa. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan zafi da rana su riƙa amayar da shi da dare, shi ya sa tsakiyar birni ta fi karkarar da ke kewaye da ita ɗumi bayan faɗuwar rana. Duk wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, wuta kuma ta ɗauke, ya san bambancinsa da soron ƙasa mai kaurin bango. Da can mutane kan fito tsakar gida su kwana. Yanzu tsoron ɓarayi da sauro da ƙarancin fili sun mayar da da yawa ciki. A 2022 aka buga wani bincike da ya tattara bayanan barci daga na'urorin ɗaurawa a hannu na mutum kimanin 47,000 a ƙasashe 68, ya nuna cewa barcin da dare mai zafi ke ragewa ya ninka kusan sau biyu ga waɗanda suka haura shekara 65.

Yadda abin ke zama jiki

Arthur Spielman, wani masanin barci a Amurka, ya bayyana a 1987 cewa abin da ya tada rashin barci daban, abin da ke raya shi daban. A ce zazzaɓi ko rasuwa ta hana dattijuwa barci na mako biyu. Don ta rama, sai ta fara kwanciya da wuri, ta daɗe ba ta tashi ba, ta kuma yi dogon barcin rana. Barcin ranar ya kashe yunwar barcin dare. Awa goma a kan gado ga mai buƙatar bakwai na nufin awa uku na juyi da tunani. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gado wurin fargaba ne, har ya zama tana gyangyaɗi a kan tabarma amma da ta hau gado sai ido ya bushe. Zazzaɓin ya warke tun tuni, rashin barcin ya zauna.

A nan ne ake aika yaro kemis. Abin da aka fi sayowa shi ne diyazifam, wanda aka fi sani da Valium, ko kuma maganin mura irin su Piriton saboda yana sa gyangyaɗi. Wannan hanya ce ta an gudu ba a tsira ba. Tun 1975 aka nuna cewa jikin mai shekara 20 yana kawar da rabin diyazifam cikin kimanin awa 20, amma na mai shekara 80 sai ya kai kusan awa 90. Ƙwayar daren jiya na nan ba ta fita ba aka ɗora ta yau, sai maganin ya taru, tsoho ya tashi cikin maye zai kewaya, ya faɗi. Karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum kwanciyar da ba kowa ke tashi daga ita ba. Maganin mura kuma yana iya kawo ruɗewa da riƙewar fitsari, musamman ga mai kumburin furostet. A 2005 wasu masana a Kanada suka tattara gwaje-gwaje 24 da aka yi a kan mutum 2,417 masu shekara 60 zuwa sama, suka tarar cewa ƙwayoyin barci sun ƙara kimanin minti 25 ne kawai a dare. Sai an ba mutum 13 kafin ɗaya ya ji barcinsa ya gyaru, alhali cikin kowane 6 ɗaya zai gamu da illa. Duk da haka, wanda ya daɗe yana shan irin wannan magani kada ya yanke shi rana ɗaya, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Likita ne zai rage masa a hankali.

Maganin da ya fi ɗorewa ba na haɗiya ba ne. A 1999 Charles Morin ya gwada ƙwaya da kuma gyaran ɗabi'un barci a kan manya da tsofaffi 78. Duka biyun sun yi aiki da farko, amma bayan shekara biyu waɗanda suka koyi gyaran ɗabi'a ne suka riƙe ribarsu. A 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ayyana wannan hanya a matsayin wadda za a fara da ita. Ginshiƙanta suna da sauƙin faɗi, ko da yake suna buƙatar haƙuri. A tashi a lokaci guda kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Kada a hau gado sai barci ya zo, in kuma an yi kamar minti 20 bai zo ba, a sauko a zauna cikin haske marar ƙarfi har ido ya yi nauyi. Ƙailula ba laifi ba ce in ba ta wuce rabin awa ba, aka kuma yi ta kafin la'asar. Goro da shayi su tsaya daga azahar. A fita waje a sha haske a taka ƙasa kullum. Wanda matsalarsa ita ce gyangyaɗin magariba da farkawar tsakar dare, hasken yamma ya fi yi masa amfani, domin shi ne ke tura agogo baya. Kafin duk wannan, a kai tsohon asibiti a duba sukari da hawan jini da mafitsara, a kuma tafi da duk magungunan da yake sha a nuna wa likita.

Aikin gwaji ga ɗalibai

Malami na iya sa kowane ɗalibi ya nemi izinin wani tsoho a gidansu ya rubuta masa lissafin barci na mako biyu: lokacin kwanciya, kimanin lokacin da barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka da dalilin farkawar, lokacin tashi, barcin rana, goro ko shayin da ya sha da lokacinsa, da kuma minti nawa ya yi a waje. Daga nan a raba awannin barci da awannin da aka yi a kan gado, a ninka da ɗari. Alal misali, wanda ya kwanta ƙarfe tara ya tashi ƙarfe biyar ya yi awa takwas a gado. In barcinsa awa shida ne, sakamakonsa kashi 75 ke nan, alhali masana na ɗaukar kashi 85 zuwa sama a matsayin mai kyau. Sai a haɗa sakamakon aji duka a allo, ba tare da sunayen tsofaffin ba, a ware masu kwana a ɗakin kwano da masu kwana a soro, da na bakin titi da na cikin lungu, da masu fita kullum da masu wuni a ɗaki, a ga ɓangaren da lambobin suka karkata.